Harafi Bisa Harafi: Nasiha ga Samari da 'Yan Matan Randagi

Ya ku samari da 'yan matan Randagi, da na Kakangi da Dogon Dawa da Kuyello da sauran garuruwan ƙasar Birnin Gwari, akwai wani wasa ƙwaƙwalwa da nake so ku riƙa da hannu biyu, ku iya shi, ku kuma koya wa ƙannenku. Ba ya cin kuɗi, ba ya neman lantarki ko waya. Tsinke da ƙasa sun wadatar, ko gawayi da bango. Ana rubuta gajeriyar kalma, sai kowane ɗan wasa ya ƙara mata harafi ɗaya tak, a farko ko a tsakiya ko a ƙarshe, ba tare da ya goge ko ya sauya jerin abin da ya tarar ba, har wata kalma mai ma'ana ta fito. A rubuta “ara”. Na farko ya ɗora ƙ ta zama “ƙara”, na biyu ya cusa y ta zama “ƙarya”, na uku ya cusa w ta zama “ƙwarya”. Haka “aya” take zama “taya”, ta zama “tsaya”, ta zama “tsayar”. Haka “ana” take zama “hana”, ta zama “hanya”. Wanda ya kasa ƙari ya faɗi. Abin da nake son tabbatar muku shi ne, wannan ɗan wasa yana horar da ainihin abin da karatu ya dogara a kansa, kuma a yau babu wanda ya fi ku dacewa da yi wa yaran garinku wannan horo.

Dalilin da ya sa na fuskance ku da maganar ba ɓoyayye ba ne. Ƙasarku ƙasar noma ce, masara da dawa da shinkafa da waken soya, ga dajin Kamuku, ga na Kuyambana ta wajen iyakar Zamfara. Dazukan da ya kamata su zama arziki su suka zama mafakar 'yan bindiga shekara da shekaru, makaranta kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wahala. A watan Maris na 2021 an shiga firamaren ƙauyen Rama aka tafi da malamai uku. A ƙarshen Satumban shekarar aka katse layukan waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, aka yi kusan wata biyu ba kira ba saƙo. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗalibai a Kuriga, a kan hanyar da ta haɗa ku da Kaduna. Duk sa'ad da irin wannan ta faru, malami yakan nemi canjin wurin aiki, uba ya hana ɗansa fita, iyali su yi ƙaura. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Nuwamba 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar shanu, ya kawo sauƙi, Allah Ya ɗorar da shi. Sai dai kasuwa ana buɗe ta da safe ta cika kafin azahar, amma yaron da ya rasa aji ɗaya zuwa aji uku, shekarun da ake kama karatu, sanarwar hukuma ba ta dawo masa da su. Za a mayar da shi ajin tsararrakinsa, ya zauna yana kwafar abin da ke allo bai san me yake kwafa ba, kunya kuma ta hana shi faɗa.

Matsalar ma ta girmi rashin tsaro. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Gwajin karatun Hausa da aka yi wa 'yan aji biyu da aji uku a Bauci da Sakkwato a 2013 ya nuna mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne, sun haddace waƙar abacada sarai. Abin da ya ɓace musu shi ne gane cewa kalmar da ke bakinsu ginanniya ce daga ƙananan sautuka, kowane sauti yana da harafinsa, kuma idan aka taɓa harafi ɗaya ma'ana ta tafi wani wuri. Wani kwamitin masana da Majalisar Dokokin Amurka ta sa aka kafa ya tattara binciken da aka yi kan koyon karatu, ya ba da rahoto a 2000. Cikin abin da ya tabbatar har da cewa koya wa yaro sarrafa sautukan kalma, ya ƙara, ya cire, ya haɗa, yana inganta karatunsa da rubutunsa, kuma abin ya fi tasiri idan ana yi da haruffa a gabansa, cikin ɗan ƙaramin rukuni. Ku dubi wannan bayani ku dubi yara biyar a tsugune suna neman harafin da za su ɗora a gaban “ara”. Mai neman dole ya furta kalmar a ransa, ya tsinka ta, ya gwada b ya ji “bara”, ya gwada t ya ji “tara”, ya gwada y ya ji “yara”. Aikin da masana suka bayyana ke nan, ba ragi.

Idan hannu ya faɗa, sai a hau mataki na biyu, inda wasan yake zama kacici-kacici a rubuce. A zana gidaje a ƙasa yadda ake haƙa gurabun dara: layin farko gida uku, na biyu huɗu, na uku biyar, na huɗu shida, kowane gida harafi ɗaya. Mai shirya wasan ba ya faɗin kalma, alama kawai yake bayarwa. Layin farko, karɓi abu da niyyar mayarwa. Na biyu, kuka a gaban alƙali. Na uku, mai fure ba ta 'ya'ya. Na huɗu, abin dama fura. Ana kuma iya ɓoye kalma a tsaye: a ba yara “ado” da “ta” da “ara” da “ya”, kowace da alamarta, su ƙara harafi a farkon kowace su sami gado, ita, dara, aya, idan suka karanta haruffan da suka ƙara daga sama zuwa ƙasa sai su ga “gida”. Ku lura da abin da ke shiga kan yaro ba da bulala ba. A gaban “ara” ana iya sa d ko ɗ, k ko ƙ, amma dara ba ɗara ba ce, kara ba ƙara ba ce, kuma alamar da aka bayar ita za ta tilasta masa ya zaɓi mai lanƙwasa ko marar lanƙwasa. Wannan darasi ne da masu rubutu a waya suka yi wa riƙon sakainar kashi, har ƙasa da kasa, ɓata da bata suka zama abu guda a hannunsu. Sannan rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa “gado” take zama abin kwanciya ko dukiyar mamaci, “fara” take zama ƙwaro ko launi ko soma aiki. Mai tsara alama dole ya san duk fuskokin kalmar kafin ya zaɓi wadda zai ɓoye, saboda haka shi ma mai tambayar karatu yake yi.

Ku da kuka riga kuka iya karatu kada ku ce wasan na yara ne, domin Hausa kanta da ƙari take haihuwar kalmomi. A sa “ma” a gaba a gyara ƙarshe, noma ya ba da manomi, buɗe ya ba da mabuɗi, karanta ya ba da makaranta, fita ya ba da mafita: mai aiki, kayan aiki, wurin aiki, duk daga gaɓa ɗaya. A sa “ba” a sami Bakano da Bazazzagi da Bakatsine. A ninka farkon aikatau, kama ya koma kakkama, buga ya koma bubbuga, aiki ya yawaita. A taɓa ƙarshensa, saya ya koma sayo da saye da sayu da sayar, alƙiblar cinikin duk ta juya. Kowane Bahaushe yana yin wannan da baki bai sani ba. Wasan yana fito da ilimin daga baki ya shimfiɗa shi a ƙasa inda ido zai gan shi, kuma ɗalibin da ya taɓa ganinsa haka ba zai ji baƙunta ba ranar da aka ce masa ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya a darasin nahawu.

Na san za a ce wannan wasan Turawa ne, mu ba mu gaje shi ba. Gaskiya ne cewa wasan cike gidaje da haruffa a jarida ya fara fitowa ranar 21 ga Disamba 1913 a jaridar New York World, daga hannun Arthur Wynne, mutumin Libaful da ya koma Amurka. Kafin shi, a 1879, wani malamin lissafi na Oksfod da aka sani da Lewis Carroll ya buga wasan sauya harafi ɗaya-ɗaya har wata kalma ta rikiɗe ta zama wata. To amma gidajen kawai suka zana, wasa da gaɓa da harafi ya daɗe a ƙasar nan. Zaurancen da yara suke yi don ɓoye zance cusa gaɓa ne a cikin kalma ko juya gaɓoɓinta. Almajirin da ya gama babbaƙu ya shiga farfaru ƙarin wasali yake koya a kan baƙi. Ɗalibin sarfu a makarantar zaure yana haddace haruffan ƙari guda goma na Larabci, yana ganin yadda “alima”, ya sani, take zama “allama”, ya sanar, ta zama “ta'allama”, ya koya. Kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Alhisnur Rasin a kan wannan fanni. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara waƙar da haruffan farkon baitocinta suke tayar da wata aya ta Alƙur'ani idan aka bi su daga sama zuwa ƙasa, wato dabarar kalmar tsaye da na kwatanta ɗazu. Muƙamatul Hariri da malamanmu suke karantarwa cike take da gwanintar harafi, har da jimlolin da ake karantawa gaba da baya. Hausa ma ta fi sauƙin shiga gidaje, don gaɓarta baƙi ne da wasali a jere, kalmominta galibi da wasali suke ƙarewa. Wanda ya ƙi wasan da sunan kishin gado, gadon nasa ya ƙi.

Wani dattijo zai ce, kuma da gaskiyarsa, mutanen da suke fama da komawa gonakin da suka bari ina suka ga lokacin wasa, kuma wasa ai shagala ne. Amsa ta farko ita ce, ba a nemi kowa ya bar gona ko ya jinkirta salla ba. Lokacin da ake magana a kansa shi ne wanda ake kashewa ko ta yaya: bayan la'asar a gindin bishiya, bayan isha'i a ƙofar gida, ranakun rani da aikin gona ya ja baya. A wannan lokaci saurayi ba zaune yake hannu sake ba. Ko dai yana kallon bidiyo a waya, ko yana majalisar da ake hirar wa ya samu zinariya a ramin haƙa, ko abin da ya fi wannan muni. Amsa ta biyu ita ce, wasan da malamai suka yi gargaɗi a kansa shi ne mai caca, ko mai hana farilla, ko mai haifar da gaba. Ku tsare wannan daga duk ukun: kada a sa ko kwabo, a tashi da kiran salla, a bar wanda ya faɗi ya koma zagaye na gaba ba tare da ature ba. Amsa ta uku ta fi nauyi. Manomin da ba ya karatu shi ne ake sayar wa maganin feshin da wa'adinsa ya wuce, shi ne yake dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ta ƙunsa ba, shi ne yake miƙa wayarsa ga wani ya karanta masa saƙon kuɗi. Karatu yana cikin kayan noma, kuma yana cikin kayan kare kai.

Ɗalibin sakandare kuma zai ce jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da Turanci ake yi, me zai sa ya ɓata lokaci da Hausa. Turanci wajibi ne, ba mai musu. Amma haruffan da ake rubuta Hausar boko da su kusan su ne na Turanci, kuma gane cewa harafi yana ɗauke da sauti sau ɗaya ake yinsa a rayuwa. Yaron da ya gane shi a harshen da yake mafarki da shi zai ɗauke shi ya shiga Turanci da abu ɗaya kawai a gabansa, wato sanin sababbin kalmomi. Wanda aka fara masa da Turanci kuwa yana kokawa da abu biyu lokaci guda, harafin da bai sani ba da kalmar da bai taɓa ji ba, ga rubutun Turanci da ba ya bin furuci yadda na Hausa yake bi. Wannan ne ya sa shirye-shiryen karatu irin su Mu Karanta a Bauci da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, suka fara da Hausa. In an ƙware, ba abin da zai hana a yi wasan da Turanci, ko da ajami. Ku sani kuma wasan kalma ya kai 'yan ƙasar nan nesa: a 2015 Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya ci gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na Ostareliya, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, kuma ɗaya daga manyan dabarun wannan wasa shi ne ɗora harafi ɗaya a gaba ko bayan kalmar da ke kan allo.

Akwai suka ɗaya da ta fi sauran ƙarfi, ita ce cewa iya harhaɗa kalmomi ba shi ne fahimtar magana ba. Haka ne. Ana iya samun gwanin ƙarin harafi da ba ya iya bin labari mai shafi biyu, kuma duk wanda ya ce muku wasa zai maye gurbin malami da littafi ya yaudare ku. Haƙƙinku na makaranta mai rufi da ƙwararren malami da tsaro yana nan a wuyan hukuma, ku ci gaba da nemansa ta hanyar iyayenku da masarauta da wakilanku. Abin da wasan yake yi shi ne cire tuntuɓen farko, wanda idan yana nan babu littafin da zai buɗu. Don haka ku ɗaure shi da dokoki biyu. Ta ɗaya, duk wanda ya kawo kalma sai ya sa ta a jimla, in ya kasa ba a karɓa ba. Ta biyu, kowane zama ya ƙare da karatu a bayyane, ko da shafi ɗaya ne, daga Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ko daga Aminiya, ko kowace takardar Hausa da ta shigo gari, yaran suna karɓa-karɓa. Da haka kalmar da aka gina a ƙasa za ta haɗu da 'yan'uwanta a cikin zance.

Sauran dokokin ku daidaita su tun kafin a fara, don gardama ba ta da daɗi a tsakiyar wasa. Ku yanke ko sh da ts da ƙw gida ɗaya za su ci ko biyu. Ku hana ƙarin n da r na mallaka, irin gida ya koma gidan, hanya ta koma hanyar, don hanyar rago ce, kusan kowane suna yana karɓarta. Ku naɗa alƙali, in da hali malamin Hausa ko wani mai ƙamus; ƙamus na Bargery na 1934 ya tara kalmomi kusan 39,000, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Inda ba ƙamus, tsofaffi su ne ƙamus, kuma kalmar da tsohuwa ta shaida an karɓe ta, a rubuta ta a littafin ajiya, domin sunayen itatuwa da ciyayi da tsuntsayen dajinku suna bakinsu, ba kowanne ne ya shiga takarda ba. Kada rukuni ya wuce yara shida, kuma a haɗa su bisa iyawa ba bisa shekaru ba, don ɗan shekara goma sha uku da bai kama ba ya koya ba tare da an yi masa dariya ba. Ku 'yan mata, ku yi naku a tsakar gida. Ku ne kuka fi zama da ƙanana, kuma yarinya ce ake fara cirewa daga makaranta idan hanya ta yi tsoro. Ku jawo 'ya'yan Fulani da Kamuku da Gbagyi da kuke cin kasuwa ɗaya da su. Fulatanci ma yana da ɓ da ɗ, ɗan rugar da ya koyi lanƙwasa a nan ya samu mabuɗin rubuta harshensa.

Ban ce kowannenku ya zama malami ba. Na ce duk wanda Allah Ya ba karatu a garin da karatu ya yi ƙaranci, amana ce aka ba shi, kuma za a tambaye shi me ya yi da ita. Ba ku da ikon gina aji ko ɗaukar malamai, amma kowannenku ya san yaro ɗaya a gidansu ko a maƙwabta da ya kai shekara goma bai iya karanta sunansa ba. Ku fara da shi a wannan makon. Ku ba shi kalma mai harafi uku, ku yi haƙuri da shirunsa, kada ku faɗa masa amsa har sai ya gwada da bakinsa. Idan ya kama, ku sa shi ya shirya wa na ƙasa da shi tambaya, don mai shirya tambaya ya fi mai amsawa koyo. Allah Ya zaunar da Randagi da ƙasar Birnin Gwari lafiya, Ya buɗe ƙwaƙwalwar 'ya'yanta, Ya sa ku ne sanadi.